Yawan Shan Ruwa da Yawan Fitsari ga Dawaki, da Yadda Ake Ciyar da Ramammen Doki

GABATARWA

Doki yana da daraja babba a ƙasarmu. Ana hawansa ranar Sallah a Kano da Katsina da Zariya da Bida da Ilori, ana sukuwa da shi, ana wasan ƙwallon dawaki a Kaduna da Jos da Legas, a ƙauyuka kuwa har yanzu akwai masu zuwa kasuwa a kansa. Burin kowane mai doki shi ne ya ga dokinsa ya cika, gashinsa yana sheƙi, kuturinsa ya yi ɓul-ɓul. Saboda haka da zarar doki ya fara ramewa, abin da aka saba yi shi ne a ƙara masa gero da dusa da kanwa. Idan kuma aka ga turkensa kullum a jiƙe da fitsari, sai a rage masa ruwa. Waɗannan matakai biyu, idan an ɗauke su ba tare da sanin abin da ke damun dokin ba, suna iya ƙara masa ciwo, wani lokaci ma su kashe shi.

Rama da yawan shan ruwa sukan zo tare, domin akwai cututtukan da ke haddasa su gaba ɗaya. Wannan ƙasida za ta bayyana wa masu dawaki da masu kula da barga yadda za su gane ko shan ruwan doki ya wuce kima, da abubuwan da ke jawo haka, da lokacin da ya wajaba a nemi likitan dabbobi, sannan da yadda ake ciyar da ramammen doki har ya murmure.

RUWAN DA LAFIYAYYEN DOKI YAKE SHA

Lafiyayyen doki da ke hutawa a inuwa, lokacin da babu zafi sosai, yana shan kimanin lita 5 na ruwa a kan kowane kilo 100 na nauyinsa a kwana guda. Yana kuma yin fitsari lita 1.5 zuwa 3 a kan kowane kilo 100. Dawakin gida irin na Arewa da na Barno ba su kai na Turai girma ba. Da yawansu suna tsakanin kilo 250 da 400. Idan muka ɗauki doki mai kilo 320, zai sha wajen lita 16, ya yi fitsari lita 5 zuwa 10.

Wannan adadi yana ƙaruwa ko da doki lafiyarsa ƙalau, a irin waɗannan halaye:

1. Zafin bazara. A watannin Maris zuwa Mayu doki yana iya shan ninki biyu na abin da yake sha da damina.
2. Aiki. Dokin da ke sukuwa ko wasan ƙwallo cikin rana yana iya zubar da gumi lita 10 ko fiye a awa guda.
3. Shayarwa. Goɗiya mai shayar da duƙushi tana buƙatar ƙarin ruwa da ya kai rabin abin da ta saba sha, ko ma fiye.
4. Busasshen abinci. Dokin da ke cin ingirici da harawa ya fi shan ruwa a kan wanda ke kiwo a ɗanyar ciyawa, domin ɗanyar ciyawa kusan kashi uku cikin huɗu nata ruwa ne.

Likitocin dabbobi suna cewa shan ruwa ya wuce kima idan doki yana shan fiye da lita 10 a kan kowane kilo 100 a kwana guda, alhali ba ya aiki, ba ya gumi, ba ya zawo. Ga doki mai kilo 320, wannan na nufin fiye da lita 32. Fitsari kuwa ya yi yawa idan ya wuce lita 5 a kan kowane kilo 100.

A lura da kamannin fitsarin. Fitsarin lafiyayyen doki ruwan ɗorawa ne, gurɓi-gurɓi, mai ɗan kauri da yauƙi, saboda doki yana fitar da sinadarin kalsiyam ta fitsari. Wannan ba ciwo ba ne. Dokin da ke shan ruwa saboda zafi da gumi, fitsarinsa kaɗan ne kuma launinsa ya yi duhu. Wanda ya kamata a damu da shi shi ne mai fitsari da yawa, garau kamar ruwan rijiya, ba kauri ba wari.

YADDA AKE AUNAWA A GIDA

Kafin a je wurin likita, yana da kyau mai doki ya tafi da lissafi a hannu.

Nauyin doki: A sami tef irin na tela. A auna zagayen ƙirji da santimita, wato inda majayin sirdi yake bi, bayan ƙafafun gaba. Sannan a auna tsawon jiki daga tsinin kafaɗa zuwa tsinin ƙashin ɗuwawu. A ninka zagayen ƙirji da kansa, a ninka abin da aka samu da tsawon jiki, sannan a raba da 11,880. Misali, doki mai zagayen ƙirji santimita 160 da tsawo santimita 150: 160 sau 160 ya ba da 25,600, sau 150 ya ba da 3,840,000, a raba da 11,880, an sami kimanin kilo 323. A riƙa yin wannan awo duk bayan mako biyu, mutum ɗaya ya riƙa yi, a kuma rubuta.

Ruwan sha: A ware dokin shi kaɗai. A riƙa zuba masa ruwa da bokitin da aka san yawan litarsa, a rubuta duk abin da aka zuba daga safiyar yau zuwa safiyar gobe, a cire abin da ya rage. A tabbata bokitin ba ya yoyo, dokin ba ya kifar da shi, kuma awaki da tumaki ba sa sha a ciki. A yi haka kwana uku a jere.

YAWAN FITSARI DA FITSARI A KAI A KAI

Wajibi ne a bambance waɗannan biyu, domin dalilansu daban ne. Dokin da ke tsayawa sau da yawa yana yin fitsari kaɗan kaɗan, yana nishi ko yunƙuri, matsalarsa yawanci tana mafitsara ne, kamar kumburin mafitsara ko tsakuwa a cikinta. Goɗiya mai neman ingarma ita ma takan yi fitsari kaɗan kaɗan na 'yan kwanaki, wannan kuwa ɗabi'arta ce.

Idan fitsari yana ɗiga ba da sanin doki ba har yana sale masa cinyoyi, kuma ƙafafunsa na baya suna tangaɗi, a tambaya ko ya daɗe yana kiwo a ɗanyar dawa ko gyauronta. Ɗanyar dawa tana ɗauke da gubar da ke lalata jijiyoyin laka da na mafitsarar doki, kuma wanda abin ya kama da wuya ya warke. Kada a bar doki ya yi kiwo a gonar dawa.

Jan fitsari ko baƙi kamar ruwan shayi alama ce ta gaggawa. Yakan fito daga cutar jini da kaska ke yaɗawa, wadda ke zuwa da zazzaɓi da shawara, ko kuma daga lalacewar tsoka ga dokin da aka ɗaure kwanaki yana cin hatsi sannan aka fitar da shi sukuwa farat ɗaya. Duka biyun suna iya taɓa ƙoda, don haka a kira likita a ranar.

ABUBUWAN DA KE JAWO YAWAN SHAN RUWA DA FITSARI

1. Zaman turke. Wannan yana cikin dalilan da aka fi samu. An halicci doki ya yi awa goma sha shida ko kusan haka yana kiwo a kowane kwana. Idan aka ɗaure shi wuni da kwana, ya cinye abincinsa cikin awa biyu, ba kilisa, ba ɗan'uwa kusa, sai ya mai da shan ruwa abin ɗebe kewa. Irin wannan doki yawanci jikinsa a cike yake, yana cin abinci, jininsa lafiya lau, amma wurin kwanansa kamar fadama. Maganinsa kilisa kullum, da ciyawa a gabansa a kowane lokaci, da ɗaure shi inda zai ga wasu dawaki.

2. Yawan gishiri da kanwa. Kanwa da manda da gishiri duk suna ɗauke da sinadarin sodiyam, wanda ke sa ƙishirwa. Abin da doki mai kilo 320 yake buƙata na gishiri a rana ba ya wuce giram 20 zuwa 30, wato babban cokali ɗaya zuwa biyu, sai dai a ƙara kaɗan ranar da ya yi gumi sosai. Wanda ake jiƙa wa kanwa cikin ruwan sha kullum, ko wanda ya koyi gwaguyar dutsen lasa, dole ya yi ta sha yana fitsari. A janye kanwar na mako guda a ga ko za a sami sauƙi. Idan za a ba da ruwan kanwa, a ajiye wani bokitin na ruwa zalla a gefe.

3. Harawa zalla. Harawar gyaɗa da ta wake suna da sinadarin gina jiki da yawa. Abin da ya yi wa jiki yawa ƙoda ce ke fitar da shi, sai fitsari ya ƙaru, bargar ta riƙa zarni mai hawa ido. Gauraya harawa da ciyawa yana gyara wannan.

4. Magunguna. Allurar deksametason da danginta, waɗanda wasu ke yi wa doki wai don ya yi ƙiba ko ya sami kuzari, suna sa yawan sha da fitsari, suna raunana garkuwar jiki, suna kuma iya jawo ciwon kofato. Furosemaid aikinsa ke nan fitar da ruwa daga jiki. Jentamaisin da oksitetrasaikilin da magungunan kashe zafin ciwo irin su fenilbutazon suna iya lalata ƙoda idan an wuce ƙa'ida, musamman ga dokin da jikinsa ba ruwa. A faɗa wa likita duk allurar da aka yi wa doki, ko da wata biyu da suka wuce ne.

5. Daɗaɗɗen ciwon ƙoda. Aikin ƙoda shi ne ta tace dattin jini ta kuma mayar wa jiki da ruwansa. Idan ta lalace sai ta kasa riƙe ruwa, doki ya yi ta fitsari, ya yi ta sha domin ya mayar da abin da ya zuba. Babbar alamar da ake fara gani ita ce rama. Sauran alamu sun haɗa da rashin son abinci, da gashi ya dushe, da kumburin ruwa a ƙasan ciki, da warin baki, da tsatsa mai kauri a haƙora. Alamu ba sa bayyana sai kusan kashi biyu cikin uku na ƙodar ya daina aiki, shi ya sa gwaji da wuri yake da muhimmanci.

6. Cutar Kushin ta tsofaffin dawaki. Tana tasowa ne daga wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai suna fituwitari, wanda ke sarrafa sinadaran jiki. Binciken da aka yi a ƙasashen waje ya nuna tana kama kusan doki ɗaya cikin biyar na waɗanda suka haura shekara 15. Alamunta su ne gashi mai tsawo da murɗewa wanda ba ya zuba, da zubewar naman gadon baya, da tumbi ya sauko, da kasala, da yawan gumi, da ciwon kofato mai tafiya yana dawowa, da gyambon da ba ya warkewa da wuri. Ba a warkewa daga ita, amma ƙwayar pargolaid da ake bayarwa kullum tana sassauta ta ƙwarai.

7. Wasu dalilan da ba a cika samu ba. Ciwon sukari, wanda shi mutane ke fara zato, yana da wuyar samu ga doki, kuma idan an same shi yawanci yana tare da cutar Kushin. Akwai kuma ciwon hanta, da ƙarancin sinadarin da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa.

KADA A HANA DOKI RUWA

Wannan shi ne gargaɗi mafi girma a cikin ƙasidar nan. Dokin da ƙodarsa ta lalace zai ci gaba da fitsari ko an ba shi ruwa ko ba a ba shi ba. Idan aka hana shi, jikinsa zai bushe cikin sa'o'i kaɗan, ragowar ƙodar ta ƙarasa lalacewa, abinci ya cushe a hanji, ciwon ciki ya taso. A bar ruwa mai tsabta a gabansa dare da rana har likita ya gan shi. Haka kuma dokin da ya dawo daga hawa yana gumi, babu laifi a ba shi ruwa nan take. Tsohuwar al'adar hana shi har ya huce ba ta da amfani.

Alamun bushewar jiki su ne dasashi ya bushe yana danƙo, idanu su faɗa, kashi ya yi tauri ƙanana, kuma idan aka tsunkuli fatar wuya ko ta kafaɗa aka saki, ta ɗauki fiye da daƙiƙa biyu ba ta koma ba.

ABIN DA LIKITA ZAI YI

Likita zai duba zafin jiki, wanda ga lafiyayyen doki yake tsakanin digiri 37.5 da 38.5, da bugun zuciya, wanda yake tsakanin 28 da 44 a minti guda. Zai so a tara masa fitsari a kwalba mai tsabta. Da 'yar ƙaramar na'ura zai auna kaurin fitsarin. Na lafiyayyen doki yakan kai 1.020 zuwa sama. Idan ya tsaya tsakanin 1.008 da 1.014, ana zargin ƙoda. Idan ya gaza 1.008, an fi zaton dokin yana sha ne don ɗabi'a, ko kuma yana da ƙarancin sinadarin riƙe ruwa. Zai ɗebi jini a auna kiriyatinin da yuriya da kalsiyam da sukari, a kuma duba ƙwayoyin cutar jini. Akwai wani gwaji da ake janye wa doki ruwa na ɗan lokaci a ga ko ƙodarsa za ta kaurara fitsari, amma likita ne kaɗai yake yin sa, bayan jini ya nuna ƙoda lafiya, yana kuma auna nauyin dokin a kai a kai.

Ana samun irin waɗannan gwaje-gwaje a asibitocin koyarwa na dabbobi da ke jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Makurɗi da Ibadan da Nsukka, da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos. Likitan dabbobi na ƙaramar hukuma ko na jiha zai iya ɗibar jinin ya aika.

DALILAN RAMA BANDA ƘARANCIN ABINCI

Ba a zuba ruwa a tulun da ke yoyo. Kafin a ƙara wa ramammen doki abinci, a duba waɗannan:

1. Haƙora. Haƙoran tauna na doki suna ci gaba da fitowa tsawon rayuwarsa, gefensu yakan yi kaifi ya yanki kunci da harshe. Alama ita ce doki yana zubar da curin ciyawa daga baki, ko a ga ƙwayar hatsi ɗungum a kashinsa. Likita yana goge kaifin da magagari na musamman. A duba baki sau ɗaya a shekara.
2. Tsutsar ciki. A kai ɗanyen kashi a duba yawan ƙwan tsutsa, sannan a ba da magani irin su aibamektin daidai da nauyin dokin. Bayar da magani da ka, ko ƙasa da ƙa'ida, shi ke sa tsutsa ta daina jin magani. A riƙa kwashe kashi daga turke kullum.
3. Sammore. Ƙudan tsando da sauran ƙudaje masu cizo ne ke yaɗa shi, musamman a kusa da kogunan Neja da Binuwai da kurmin kudu. Yana zuwa da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da ƙarancin jini, da kumburin ƙafafu da mara, da rama ko da doki yana ci.
4. Kaska da cutar jinin da take kawowa.
5. Gyambon ciki, wanda ke yawan kama dokin da ake ba hatsi da yawa, ciyawa kaɗan, yana kuma daɗewa ciki ba komai.
6. Cin zali. Inda ake zuba abinci wuri ɗaya, manyan dawaki sukan kori tsoho da ƙarami.

MA'AUNIN CIKAR JIKI

A shekarar 1983 wani masani mai suna Henneke da abokan aikinsa a jihar Tekzas ta Amurka suka fito da ma'aunin cikar jikin doki daga 1 zuwa 9, wanda har yau ake aiki da shi. Ana dubawa da ido, ana kuma shafawa da hannu a wuya da kafaɗa da haƙarƙari da gadon baya da gindin wutsiya. Mataki na 1 da na 2 doki ne da ya zama ƙashi da fata. Na 3 haƙarƙari a fili, ƙashin baya a tsaye. Na 4 ana ɗan hango haƙarƙari. Na 5 ba a ganin haƙarƙari amma hannu yana jin su cikin sauƙi, gadon baya a shafe. Wannan shi ne abin nema. Daga 7 zuwa sama ƙiba ta yi yawa, kuma tana jawo ciwon kofato.

Babban doki mai kilo 500 yana buƙatar ƙarin kilo 16 zuwa 20 kafin ya hau mataki ɗaya, wanda ke ɗaukar kimanin wata biyu. Dokin da ke mataki na 3 ke nan sai ya yi wajen wata huɗu kafin ya kai na 5. Mai son hawan Sallah da cikakken doki sai ya fara shiri tun da nisa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

ƘA'IDOJIN CIYARWA DON ƘARA NAUYI

Waɗannan ƙa'idoji na dokin da likita ya tabbatar ƙodarsa lafiya ne.

1. Ciyawa ita ce tushe. Tumbin doki ƙarami ne, lita 8 zuwa 15 kawai yake ɗauka. Babban hanjinsa ne ke narkar da ciyawa da taimakon ƙananan halittu da ke zaune a ciki. Dokin da ake so ya yi nauyi yana buƙatar busasshen abinci kilo 2 zuwa 2.5 a kan kowane kilo 100 a rana, kuma aƙalla kilo 1.5 daga ciki ya zama ciyawa da harawa. Harkiya da ƙiri-ƙiri da kyasuwa da gamba suna da kyau idan an yanke su kafin su tsufa, aka shanya a inuwa. Ciyawar da ta bushe a tsaye a daji cika ciki kawai take yi.

2. Hatsi kaɗan kaɗan. Kada a ba doki fiye da giram 300 na hatsi a kan kowane kilo 100 a ci ɗaya, wato kimanin kilo 1 ga doki mai kilo 320. Idan ya wuce haka, sitacin da bai narke ba yana gangarawa babban hanji ya yi tsami, ya kashe ƙananan halittun nan, sai ciwon ciki da zawo da ciwon kofato su biyo baya. A raba hatsi sau uku a rana, a fara ba da ciyawa kafin shi. Dawa da masara suna da tauri, a ɓarza su ko a jiƙa. A auna da sikeli, domin mudu ya bambanta daga gari zuwa gari.

3. A yi hattara da dusa. Dusa da hatsi suna da fosforas da yawa, kalsiyam kaɗan. Dokin da aka daɗe ana ba dusa ba harawa, jikinsa yana zuƙe kalsiyam daga ƙashi, sai ƙasusuwan fuska su kumbura, haƙora su yi girgiɗi, ya riƙa ɗingishi yau wannan ƙafa gobe waccan. Harawar gyaɗa da ta wake suna da kalsiyam, su ne ke daidaita dusa.

4. Mai. Man gyaɗa ko na waken soya yana ba da ƙarfi fiye da ninki biyu na hatsi mai nauyinsa, ba ya kuma tsami a hanji. A fara da babban cokali uku a rana cikin dusa, a riƙa ƙarawa a hankali cikin mako biyu zuwa uku. Kada a wuce mililita 100 a kan kowane kilo 100. Idan kashi ya yi laushi a rage.

5. Abincin gina jiki. Ƙuli-ƙuli marar yaji ko gasasshen waken soya giram 300 a rana ya isa. Ba a ba doki ɗanyen waken soya.

6. Duk canjin abinci a yi shi cikin kwana 10 zuwa 14, ana ƙara sabon ana rage tsohon.

Misalin abincin kwana guda ga doki mai kilo 320 da ke mataki na 3 ko na 4: ingirici mai kyau kilo 3.5, harawa kilo 2.5, ɓarzajjen gero ko dawa kilo 1, dusa giram 700, ƙuli-ƙuli giram 300, mai mililita 150 zuwa 300, gishiri babban cokali ɗaya zuwa biyu. A gauraya hatsi da dusa da ƙuli da mai, a ɗan yayyafa ruwa, a raba safe da rana da yamma. A bar ciyawa a gabansa da dare. A rage masa aiki, amma kada a daina kilisa, domin tafiya ce ke mai da abinci tsoka.

ABINCIN DA BA A BA DOKI

1. Masara ko gyaɗa ko ƙuli da suka yi fumfuna. Gubar fumfunar masara tana lalata ƙwaƙwalwar doki, ta gyaɗa kuma tana lalata hanta.
2. Haɗaɗɗen abincin kaji ko na shanu. Wasunsu suna ɗauke da maganin monensin, wanda ɗan kaɗan daga cikinsa yana lalata zuciyar doki ya kashe shi.
3. Harawar da ruwa ya daka ta yi baƙi ko ƙura.
4. Allura da ƙwayoyin sa ƙiba na kasuwa.

DOKIN DA YUNWA TA ƘWAƘULE

Dokin da ke mataki na 1 ko na 2, kamar wanda aka sayo a kasuwa bayan doguwar wahala, yana cikin haɗari na musamman. Idan tausayi ya sa aka cika masa gero, sinadaran jininsa, musamman fosforas, suna faɗuwa farat ɗaya, zuciya da numfashi su gaza, ya mutu cikin kwana 3 zuwa 5 da fara ciyarwar. A kwana ukun farko a ba shi harawa mai ganye giram 300 zuwa 500 kawai duk bayan awa huɗu, tare da ruwa. Daga kwana na 4 zuwa na 10 a riƙa ƙara yawan harawar ana rage yawan lokutan. Bayan kwana 10 a bar shi ya ci ciyawa da harawa iya cikinsa. Kada hatsi ya shiga sai bayan makonni, da izinin likita. Irin wannan doki yana ɗaukar wata 3 zuwa 5 kafin ya dawo.

CIYAR DA MAI CIWON ƘODA DA MAI CUTAR KUSHIN

A nan ne amfanin gwaji yake fitowa, domin abincin da ke gina lafiyayyen doki shi ke cutar da waɗannan. Mai ciwon ƙoda ba ya iya fitar da kalsiyam da ragowar sinadarin gina jiki, don haka a rage masa harawa da ƙuli da dusa, a janye kanwa, a dogara da ciyawa mai kyau da hatsi kaɗan da mai. Mai cutar Kushin kuwa, musamman wanda ya taɓa ciwon kofato, hatsi da rake da duk wani abu mai zaƙi su ne abokan gabansa. A ba shi ciyawa da harawa da mai, a kula da haƙoransa da kofatonsa, a aske masa gashi da bazara.

KAMMALAWA

Idan doki yana ramewa yana kuma yawan shan ruwa da fitsari, a bi wannan tsari: a auna nauyinsa, a auna ruwan da yake sha kwana uku, a janye kanwa da allurar da ba likita ya rubuta ba, a bar masa ruwa a kowane lokaci, a kai jini da fitsari da kashi gwaji. Bayan an san dalili sai a fara ciyarwa, ciyawa a gaba, hatsi a baya, ana ƙarawa sannu a hankali ana rubuta awo duk mako biyu. Idan an yi wata guda zagayen ƙirji bai ƙaru ba, a koma wurin likita.

Don ƙarin bayani sai a tuntuɓi likitan dabbobi ko malamin gona mafi kusa.